Yadda Kakata Ta Yi wa Ɓerayena Adalci

A unguwarmu, cikin birnin Zariya, babu wanda ya taɓa yarda cewa ni ba likita ba ne. Na yi bayani har na gaji. Nakan ce abin da na karanta a jami'a ilimin ƙirar jikin mutum ne, wato ƙashi da tsoka da jijiya, da inda kowace gaɓa take da abin da ta haɗu da shi, amma ba a koya mini ba da magani ba. Mai sauraro zai gyaɗa kai ya ce ya gane sarai, sannan ya ɗage riga ya nuna mini inda ke masa ciwo. Da na koma yin digiri na biyu kuwa, sai aka ce ai yanzu na zama babban likita, masu zuwa suka ƙaru.

Mahaifina maɗinkin manyan riguna ne. A zauren gidanmu yake aiki shi da abokan sana'arsa, kowa da tabarmarsa da allurarsa. Shi ya fahimci bambancin, sai dai bai ga dalilin ɓata wa mutane rai ba. In an tambaye shi yakan ce, "Yana dai karatun," ya ci gaba da ɗinkinsa. Mahaifiyarsa, wato kakata, ita ce mai ra'ayi a kan komai. Tun ranar da ta ji cewa a ajinmu ana kwantar da gawa a kan tebur ta ware mini kwano da moɗa, ta ce ba ƙyama ba ce, tsari ne kawai. Tsakanina da ita akwai wasan jika da kaka. Tana kirana maigida, ni kuma ina ce mata Iya in ina neman wani abu, in ce mata tsohuwa in ina neman faɗa.

Malamar da ke duba aikina 'yar Wusasa ce, Kirista, gajeriya mai sanyin murya. Ta yi shekaru tana leƙen ƙwayoyin hanta a madubin likita, wannan da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani, har idonta na hagu ya saba da zama a ƙanƙance. Dakta muke ce mata. Ita ta zaɓa mini abin da zan bincika: me jiƙon ɓawon maɗaci yake yi wa ƙwayoyin hanta, tun da mutanenmu na shansa ba tare da an san iyakarsa ba.

Ba a gwada irin wannan a jikin mutum. A jikin fararen ɓeraye ake yi, waɗanda ake kiwo musamman domin haka. Aka raba mini su kashi biyu. Kashi ɗaya kullum da safe in ɗura musu jiƙon da sirinji marar allura, ɗaya kashin in ɗura musu ruwa zalla. Kowane kashi kuma maza daban, mata daban, ya zama keji huɗu. Ban da wannan ɗurin, komai nasu ɗaya ne, abinci iri ɗaya, awo ɗaya. Kowanne da alamar tawada a wutsiya don kada su rikice. In lokaci ya cika sai a kashe su, a ciro hantar, a yanka ta siriri fiye da fatar albasa, a rina, a duba bambancin da ke tsakani. Dakta ta maimaita mini abu ɗaya har na haddace: kada wani abu ya shiga bakinsu wanda ban auna ba.

Aiki ya soma nisa sai aka shiga yajin aiki. A shekarun nan wannan ba baƙon abu ba ne, kuma ba wanda ke sanin ranar dawowa. Aka ce za a rufe ɗakin dabbobi, ruwan famfo ma babu tabbas. Dakta ta tsaya a kan kejin tana kallon ɓerayen, ta ce, "Ni gidana akwai karnuka da jikoki. Kai fa?"

Na ce akwai ɗakin marigayi kakana, babu kowa a ciki.

"Akwai kyanwa?"

"Akwai, amma ta tsufa."

"To kwashe su. Ka ci gaba yadda ka saba, kada ka tsallake ko safiya ɗaya."

A-kori-kura ta kawo mu daga Samaru har bakin lungunmu, daga nan mota ba ta shiga. Na samu wani dattijo mai amalanke, muka jera kejin, na lulluɓe su da tsohon zanen gado. Muna tafe ya ji motsi, ya ce, "Malam, tantabaru ne?" Na ce kusan haka. Can sai wata doguwar wutsiya ta leƙo ta ƙarƙashin zanen, ta ɗan kaɗa. Ya tsaya ya dube ta. Ya ce, "Tantabarar nan wutsiyarta ba gashi." Sauran tafiyar da ƙarshen yatsunsa ya tura amalanken, jikinsa can baya.

Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi, dole ta zaure za a bi. Na tarar da su Baba kowa da shadda a cinya, aikin mutane. Baba ya miƙa hannu ya ɗage zanen. Sannan a hankali, ba tare da an haɗa baki ba, kowane maɗinki ya tattara rigar da ke hannunsa ya rungume a ƙirji. Wanda bai zauna da maɗinka ba ba zai san matsayin ɓera a wurinsu ba. Aikin wata da watanni ɓera ke ɓatawa a dare ɗaya, kuma a daidai ƙirjin riga yake yi, inda ba a iya ɓoyewa.

Baba ya ce, "Duk naka ne?"

Na ce, "Na jami'a ne, Baba."

"Ita jami'ar ba ta da gida?"

Na yi masa bayanin yajin aiki. Ya saurara, ya ce in shige da su, amma ranar da ya ga huji a rigar wani, ni da su za mu fita tare.

Iya ta fito daga ɗakinta, wanda ke manne da na marigayin, tana dogara sanda. Ta leƙa, ta ja da baya. Ta ce, "Shekara da shekaru muna neman maganin ɓera a gidan nan, kai kuma ka ɗauko mota ka kawo mana." Sai ta sake matsowa, don ba ta taɓa ganin irinsu ba: farare tas, jajayen idanu, 'yan hannuwa kamar na jariri. Wani ya miƙe tsaye a bakin keji yana goge fuska da hannu biyu. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ka ga mai tsafta. Ya fi ka wanke fuska."

Kyanwar gidan ma ta zo ta duba. Wani ƙaton namiji ya matso jikin waya ya zuba mata ido, ko gezau. Ba ta taɓa ganin ɓeran da bai gudu ba. Ta juya ta hau katanga, daga ranar ta koma cin abinci a maƙwabta.

Kullum da safe in na zo awo da ɗuri, Iya takan ɗauko 'yar kujerarta ta zauna a bakin ƙofa da carbi a hannu. Kwanakin farko kallo kawai take yi. Ran nan ta ce, "Waɗancan fa, ba za ka ba su maganin ba?"

"Su ruwa kawai ake ba su."

"Lafiyarsu ƙalau ke nan."

"Duk lafiyarsu ƙalau."

"To waɗannan da kake ɗura wa, me ke damunsu?"

"Babu komai."

Ta ajiye carbin a cinya. "Maigida, masu lafiya kake ba magani, ka hana waɗansu masu lafiyar. Wannan karatun naku, akwai babba a wurin kuwa?"

Na gyara zama na kawo mata misali. Na ce kamar a ɗora tukunya biyu ne, komai iri ɗaya, ɗaya a sa daddawa, ɗaya a hana, don a san ainihin abin da daddawa ke yi wa miya. Na ji daɗin misalin nan ƙwarai, har na yi niyyar amfani da shi ranar da na zama malami. Ta ce ita duk wadda ta ɓata tukunya guda don ta san amfanin daddawa, ba za ta sake ba ta girki ba. Daga nan ta miƙa hannu cikin buhun abincinsu, irin dunƙulallen nan mai kama da kashin awaki, ta ɗauki ɗaya ta sansana, ta ɗan gatsa, ta tofar. Ta ce, "Ko gishiri babu."

Yajin aiki ya ƙi ƙarewa. Zama ya ishe ni, sai na samu koyarwa a wata 'yar makaranta a Tudun Jukun, in fita da hantsi, in dawo bayan la'asar. Lokacin bazara ne, ɗakin kuma ba shi da taga sai 'yar kafa, dole a buɗe ƙofa da rana don su sha iska. Na ba Iya makulli. Na ce buɗewa kawai za ta yi, ta rufe in rana ta yi sanyi, kada ta taɓa komai. Ta ce, "Ni me zan yi da ɓera."

Ba a daɗe ba sikelina ya soma nuna abin mamaki. Ɓerayen suna ƙiba, ƙiba ba ta wasa ba, musamman matan. Gashinsu ya yi sheƙi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, abincin da nake auna musu da safe nakan tarar da shi kusan yadda na bar shi. Ga dabba ba ta ci, ga ta tana kumbura. Tawadar wutsiyarsu kuma ta riƙa gogewa da wuri, na ɗora laifin a kan zafi, ina sake sa wa kowa alama bisa ga kejin da na same shi. Na kuma lura in na shigo ko kallona ba sa yi, amma da sun ji jan silifas ɗin Iya a tsakar gida sai duk su taru a bakin waya suna tsalle. Wannan ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Sai kuma na ga ja. Tafin ƙafar waɗansu ya rine ya yi ja-ja, waɗansu a gadon baya. Jiƙon maɗaci dama ja ne. Na ce lalle wani sinadari ne a cikin ɓawon yake bin jini yana fitowa a fata, kuma ban taɓa karanta wanda ya ga haka ba. Na yi kwanaki ina tafiya a lungu ina magana ni kaɗai. Har na soma tunanin irin rigar da zan sa ranar da za a gayyace ni in yi jawabi a kai.

Na ari keken ƙanin Baba na taka har Wusasa. Dakta na zaune a barandarta tana tsince wake. Na zayyana mata komai ina haki. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Jan nan, har da waɗanda ruwa kawai kake ba su?"

Na ce har da su, kuma wannan shi ne abin da ya fi ban sha'awa.

"Ƙibar ma har da su?"

"Har da su."

"Wa ke riƙe da makullin ɗakin in ka fita?"

Na gaya mata. Ta watsar da wani ruɓaɓɓen wake, ta ce za ta zo ranar Asabar.

Ta zo da hantsi, ta bar motarta a bakin titi ta tako, ta yafa mayafi. Suka gaisa da Baba a zaure, ya yi mata godiya a kan ɗawainiya da ni. Cikin gida kuwa Iya ta sa an share tsakar gida, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an dama fura. Bayan gaisuwa ta miƙe ƙafa ta ɗage zane kaɗan, ta ce, "Likita, gwiwar nan ce ke hana ni sakat."

Dakta ta ce, "Mama, ai ni ma irinsa ce. Ba na ba da magani."

Iya ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, "Ashe duk makarantar haka take." Ta sauke zanenta.

Muka shiga ɗakin ni da Dakta. Ta buɗe keji na farko ta ɗago wani, ta jijjiga shi a tafin hannu kamar mai tayin kaza. Ta kai shi kusa da hanci. Ta sa yatsa ta tona dusar katakon da ke shimfiɗe a ƙasan kejin, sai ga guntun ƙuli-ƙuli. Ta ƙara tonawa, ga ƙanzo, ga ɓawon gyaɗa, ga wani ɗan dunƙulen mazarƙwaila da aka gaigaye. Tana fito da su tana jerawa a kan murfin keji. Sannan ta juya ɓeran ta dubi tafin ƙafarsa a hasken ƙofa.

Ta ce, "Sinadarin naka lalle ne."

Ta wuce kejin mata. A kusurwa akwai wani tsumma da ban san da shi ba, ta ɗage. Ga 'ya'ya kwance, jajaye, ba gashi, kamar gyaɗar da aka ɓare, ga alama a safiyar aka haife su bayan na gama ɗuri.

"Matan nan ba a taɓa haɗa su da maza ba, ko?"

"Ko sau ɗaya, Dakta."

"To ko dai maɗaci ya fi ƙarfin da muke zato, ko kuwa a kira mana Mama."

Ba sai an kira ta ba, tana bakin ƙofa. Da ɓerayen suka gan ta sai ɗakin ya kaure da ƙarar waya. Ta shigo ta yi bayani dalla-dalla, babu alamar kunya, kamar mai ba da rahoton amanar da ta riƙe da kyau. Ta ce ta yi kwanaki tana tunanin waɗanda aka hana magani, abin ya tsaya mata a rai, sai ta soma ɗiba musu daga jiƙon maɗacin da ita ma take sha, wanda ma ya fi nawa kyau tun da akwai jar kanwa da citta a ciki. Su kuma waɗanda nake ɗura wa, ta san ɗacin maɗaci, ba a ba mai rai shi a bar shi haka, shi ya sa take bin su da mazarƙwaila. Da sauran suka riƙa kallo, ta ga ba daidai ba ne, ta ba kowa. Abincina ba sa so, to ba za ta zuba ido su rame a gidan ɗanta ba. Tawadar da nake shafa musu ƙazanta ce, ta wanke, ta sa musu lalle yadda za ta gane su: na kejin gabas a ƙafa, na yamma a baya. Da azahar kuma takan rufe ƙofa ta sake su duka a tsakar ɗaki su miƙe ƙafa, su gaisa.

Dakta ta tambaya a hankali, "In sun gama gaisawar, Mama, kowa kejinsa kike mai da shi?"

"Maza wajen maza, mata wajen mata, wannan kam ina kiyayewa. Sauran kuwa, wanda ya nuna inda yake so, ba na tilasta masa."

Dakta ta zauna a dokin ƙofa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na zaci kuka take yi. Da ta buɗe sai na ga dariya ce ta hana ta numfashi, hawaye har haɓa. Ni kam ban ga abin dariya ba. Watannin da na yi ina tashi da sassafe, da cizon da na sha a yatsu, duk sun tafi.

Iya ta dubi fuskata, sai murmushinta ya ragu. Ta ce, "Ɓarna na yi?"

Dakta ta share ido. "Aikin ya lalace, Mama. Sai an sake daga farko da waɗansu."

"Su kuma waɗannan fa?"

Ban taɓa gaya mata ƙarshen aikin ba. Dakta ta dube ni, ta gane haka, sai ta faɗa mata da kanta: da komai ya tafi daidai, da an kashe su an duba hantarsu, amma yanzu babu amfanin yin hakan. Iya ta juyo gare ni ta ce, "Kana kallon idonsu kullum da safe, ka san da wannan a ranka?"

Dakta ce ta amsa mata, wannan karon ba dariya. Ta ce mutane da yawa na shan jiƙe-jiƙe, ita kanta mahaifiyarta na sha, kuma ba wanda ya san inda amfani ya tsaya cuta ta soma. Ba za a tsaga mutum a duba ba, shi ya sa ake yi da waɗannan, kuma ana yi ne yadda ba za su wahala ba. Iya ta juya carbinta ta daɗe. Ta ce, "In don mutane ne, to. Amma ba waɗannan ba. Waɗannan sun ci abincin gidan nan."

Suka koma tabarma suka sha fura, suna hira kamar sun shekara da sanin juna. Har lallen Dakta ta tambaya inda ake samun mai kama haka.

Ni kuwa na ɗauki fushi. Na daina tsokanarta, gaisuwa kawai, in wuce. A gidanmu wannan babban abu ne, kowa ya lura. Ta aiko mini da dambu, na ci, ban ce komai ba. Ran nan na dawo daga Tudun Jukun na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakina, gabanta wani kwando a kife, an danne shi da dutsen niƙa. Kwandon yana motsi.

Ta ce, "Maigida, na ɓata maka, ga ramuwa. Na sa an kafa tarko a bayan rumbun maƙwabta."

Na durƙusa na leƙa ta tsakanin saƙar. Gafiya ce, ƙatuwa, ta kusa kai zomo, tana huci.

"Wannan ita kaɗai ta yi goman naka. Hantarta ma ba sai ka sa madubi ba, da ido za ka gani. Kuma ba ta ci komai a hannuna ba, ban ma san ta ba."

Na so in riƙe fuskata, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace mini har na dafa dutsen, dutsen ya goce, kwandon ya ɗaga. Gafiya ta fito ta zaga tsakar gida, mata suka watse, ta ga haske ta nufi zaure. Daga ciki muka ji ƙarar kwanon allurai da salati. Da na leƙa, dattawa huɗu na tsaye a kan dakali ɗaya, kowa da riga a sama da kai, ita kuwa tuni ta fice lungu. Baba ya sauko ya duba rigunan ɗaya bayan ɗaya, bai ga huji ba. Ya ce mini, "Wannan ma ta jami'a ce?" Na ce a'a, wannan ta Iya ce. Ya buɗe baki, ya tuna mahaifiyarsa ce, ya rufe, ya koma ya zauna.

Da aka janye yajin aiki na mai da su, sun ninka yadda na kawo su. Ɗakin dabbobi ya yi ƙaranci a lokacin, sai Dakta ta sa aka ajiye su don haihuwa kawai. Mai kula da ɗakin ya yi ta ƙorafi cewa bai taɓa ganin ɓeraye masu tsirfa irinsu ba, sai da suka ji yunwa sosai suka koma cin abincin da aka san su da shi. Duk ranar Juma'a Iya takan ƙulle ƙuli-ƙuli a leda ta ce in kai wa mutanenta. Mu ɗaliban sashen muke cinyewa da garin rogo, kuma in na dawo ta tambaye ni nakan ce an ci an gode.

Na sake aikin daga farko da waɗansu ɓerayen da aka kawo daga wani wuri, makulli a aljihuna. Abokan karatuna suka riga ni gamawa. Da na kammala, Dakta ta ara mini wani tsohon madubin likita, irin mai ɗan madubi a ƙasa da ke tara hasken rana, ta ce in kai wa Mama ta ga abin da aka yi ta wahala a kai.

Na kafa shi a kan turmi a tsakar gida, na sa ɗan gilashin da ke ɗauke da yankan hanta. Iya ta sunkuya, ta rufe idon da ya kamata ta buɗe, ta ce duhu take gani. Muka gyara. Ta ce yanzu gashin idonta take gani. Na ɗan juya mata, sai ta gani. Ƙwayoyin hanta in an rina su sukan fito ja-ja, kowace da ɗigon shuɗi a tsakiya, a jere suna kewaye 'yar kafa.

Ta ce, "Ɓeran nan, na san shi?"

"A'a, baƙo ne."

Ta ci gaba da kallo. "Kamar atamfa. Duk wannan a cikin ɓera yake?"

Na ce har a cikinta akwai irinsa. Ta ɗago ta harare ni, ta sake sunkuyawa. Can ta ce, "To me ka gano? In sha ko in bari?"

Na ce mata abin da na gani a ɓera bai isa in yanke hukunci a kan mutum ba, sai an ƙara bincike.

"Duk shekarun nan, amsar ke nan?"

"Ita ke nan, Iya."

Ta girgiza kai, ta aika a kira mata matan maƙwabta su zo su ga ikon Allah. Suka yi layi, kowace ta leƙa ta ce wani abu, wata ta ce ita da za a samu zanen da ta saya. Iya ta tsaya a gefe tana nuna musu idon da za su rufe, tana tsawata wa masu taɓa gilashin. Haka aka yi ta yi har inuwar katanga ta rufe turmin, madubin ya daina samun haske, sauran aka ce su dawo gobe da hantsi.